Ruwan Toka da Rigar Ubansa

Tun yana yaro ake ce masa Ruwan Toka, don ko tambayarsa aka yi ya ƙoshi, sai ya ce, "Kusan haka." Bai taɓa cewa baƙi ba, bai taɓa cewa fari ba. Da ya girma sai Allah ya haɗa shi da sana'ar da ta dace da shi: zaman gaban kwamfuta a wani ofis mai sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, yana ƙera wa masu haɗa manhaja kayan aiki. Launukan duniya kaf, ga ja ga kore, bawan Allahn nan toka-toka ya liƙe wa.

Hoton ubansa ne mafari. Guda ɗaya tak marigayin ya bari, irin na da mara kala, ɗan mitsitsi kamar kwalin ashana. Uwar, wadda farar yana ta fara hawa idonta, ta ce, "Ɗan nan, a ƙara masa girma a rataya min a bango, in riƙa ganinsa kafin idon nan ya tafi."

Ya kai wa mai wankin hoto, hoto ya fito tsaf. Ruwan Toka ya kara shi da wanda ya ɗauka a wayarsa, ya yamutsa fuska.

"Rigar ta karkata zuwa shuɗi."

"Yallaɓai, tsohuwa za a kai wa fa, ba alƙali ba," in ji mai hoto.

Ina! Ya bar masa abinsa. Wai waya da haske take haɗa launi, injin bugawa da tawada, kowace na'ura da irin mudunta, shi ya sa tokar nan ba ta zama tokar can. Shi kuwa ubansa ba zai hau bango da tokar ƙarya ba. Sai ya zauna ƙera wata dabara: mai manhaja ya faɗi iya duhun da yake so kawai, toka ta fito iri ɗaya a kowace na'ura.

Ana nan, 'yarsa ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta shiga makaranta. Ƙusar da aka kafa wa hoton ta yi tsatsa, aka koma rataya mata tsintsiya.

"Baban yara," matarsa kan ce, "jiya Inna ta gaishe da labule, ta ɗauka ni ce."

"An kusa," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba.

Ya gama kuwa. A ofis aka tafa masa, mutanen da bai taɓa gani ba suka yi ta aiko godiya. Ya sa aka buga hoton, aka yi masa gilashi, ya rungumo shi kamar jariri har ɗakin uwar.

Ta shafa gilashin, ta kai shi dab da hanci, ta juya shi kai ƙasa ba ta sani ba.

"Wannan kake ta wahala a kai? Ni yanzu kai toka ne, matarka toka, taga ma toka. Da ka zo na ɗebar maka." Ta sake shafa gilashin. "Rigar dai ta fito?"

Ya gyara tsayuwa. "Tsantsar toka, Inna. Babu shuɗi ko ɗigo."

"Toka? Rigar nan shuɗiya ce, sakarai. Ni na yi ta wankinta har wuyan ya koɗe."

Ta miƙa masa. "Kai wa masu tafa maka. A mayar min da tsintsiyata inda hannuna ya saba."