Makullin Ruwa na Bakwai

Shekara goma sha biyu kawuna ya yi yana kansilan mazaɓarmu, tara daga ciki ni nake buga masa takardar labaran unguwa. Shagona ɗan ƙarami ne: kwamfuta ɗaya, firinta mai cinye takarda in ta ga dama, sai bencin masu jira. Duk ƙarshen wata zai shigo ya zauna a bencin, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya ce, "Sakatariya, rubuta." Ba ya zuwa da rubutu. Da ka yake kawo komai: ranar yashe kwata, ranar awon jarirai a asibiti, fitilar titin da ta mutu, wanda ya bar tulin yashi a hanya sati uku. In na buga, a liƙa a allon ofis da ƙofar makaranta da bakin kasuwa.

Kafin siyasa gyaran famfo yake yi, shi ya sa har yau Mai Famfo ake ce masa. Yana cikin waɗanda suka shimfiɗa bututun ruwan unguwar shekara talatin da suka wuce. Taswirar aikin ta ɓace wajen sauya ofis, abokan aikinsa kuwa wasu sun rasu, wasu sun bar gari. Shi kaɗai ya rage da ya san inda aka binne makullan ruwa, wato ƙarafan da ake murɗawa a tsayar da ruwa in bututu ya fashe.

Mutum ne mai sauƙin kai, amma ban da kan titi. Titi na kowa ne, in ji shi. Ya sa tela ya cire rumfarsa, ya sa mai shayi ya ja bencinansa baya, ni kaina 'yar ƙanwarsa sai da ya sa na matsar da allon shagona. Na yi sati ba na gaishe shi, bai ma lura ba.

Abu ɗaya ne ya daɗe yana cin raina game da shi. In bututu ya fashe a ko'ina, kowa na ganin inda zai tona ya murɗa. Amma in na gangare ne, inda gidaje suka fi cunkushewa, sai ya tsaya ya duba, ya ce, "Bari in ɗauko kayan aiki." Kafin ya dawo daga gida ruwan ya tsaya da kansa. Wasu suka ce waya yake yi wa ma'aikatar ruwa, wasu suka ce mutumin nan ba haka ya bar kansa ba. Na tambaye shi ya fi sau goma, amsar ɗaya ce: "Ke dai buga abin da aka ce ki buga."

Bana gwiwarsa ta ƙi, ya ce ba zai sake tsayawa takara ba. Ɗansa zai ɗauke shi zuwa garin da yake aiki, a ba da gidan Kawu haya. Aka zaɓi wani malamin makaranta da ake kira Dogo. Saura kwana goma tafiyar, Kawu ya zo buga takardar ban kwana.

Godiyar layi uku ce kacal. Sai labarai kamar kullum: an kawo sabbin kujeru aji huɗu, za a rufe hanyar kasuwa ranar Talata don gyaran gada. Sannan ya gyara zama ya ce, "Makullan ruwa. Na ɗaya, daga sandar wuta ta ƙofar makaranta, taku tara gabas."

"Takun wa, Kawu? Dogo in ya ɗaga ƙafa sau ɗaya ya yi naka biyu. A ɗakin girkin mutane zai je yana tono."

Ya yi dariya har da tari. Washegari muka ɗauki abin awo muka bi su ɗaya bayan ɗaya, yana nunawa da sanda ina rubutawa. Da muka dawo shago ya ce, "Shida ke nan. Sa sunana a ƙasa."

"Bakwai dai."

"Wa ya ce miki?"

"Kai. Duk zaɓe sai ka ce makullai bakwai ne, kuma duk suna cikin kanka. Kuma a cikin shidan nan babu na gangare."

Ya ce in buga haka nan. Na ɗauke hannuna daga kwamfutar. Ni ma fa jininsa ce, taurin kan nan ba a waje na samo shi ba. Na ce masa in ya tafi bututun gangare ya fashe, ruwa zai yi ta shiga ɗakunan mutane har sai an rufe na gari gaba ɗaya, kuma ya fi ni sanin kwana nawa hakan ke ɗauka. "Ka kai wani shagon, Kawu. Ni ba zan buga shida ba."

Sai ya dafa sandarsa ya ce, "Rufe shagon ki biyo ni."

Gidansa muka je. Daga gefen ƙofa akwai ɗaki mai taga a kan titi, ɗakin Kaka, mahaifiyarsu shi da innata. Tun rasuwarta shekara huɗu da suka wuce yake a rufe. Ya buɗe, ya ce in kama masa gado mu ja. Ya naɗe ledar ƙasa, sai ga murfin siminti mai zoben ƙarfe. Da ya ɗaga, ga makullin nan a rami, ya sha mai, ya fi sauran shidan tsabta. Ni da na yi wata uku ina kwana a ɗakin nan lokacin jinyarta, ashe a gefensa nake shimfiɗa katifa.

"Da ƙafafunta suka daina hawa matakalar cikin gida na gina mata ɗakin nan," in ji shi. "Ta ce tana son ta riƙa ganin masu wucewa. Fili bai isa ba, na ci taku uku daga titi. Lokacin ban shiga siyasa ba. Na ce na ɗan lokaci ne."

"Ta san da shi?"

"Ita take riƙe min tocila in na shiga ƙarƙashin gadon."

Dariya ta zo min, haushi ya danne ta. "To rumfar tela fa, Kawu? Allona fa?"

"Duk ranar da na sa aka cire na wani, ba na iya haɗa ido da tagar nan." Ya zauna a bakin gadon. "Na yi tunanin in faɗa wa Dogo a ɓoye, in bar masa makullin ɗakin."

"Ɗan haya zai yarda kansila ya riƙa shiga ƙarƙashin gadonsa?"

Tausayinsa ya kama ni a lokacin. Bai tara komai a kujerar nan ba sai suna, kuma sunan nake nema ya ajiye. Can ya ce, "Sakatariya, rubuta. Na bakwai yana cikin ɗakin gaban gidana. Ɗakin ya shiga titi da taku uku. Ni na gina shi, kuma za a rushe shi kafin in tafi."

A harabar makaranta aka yi taron ban kwana, shi ya karanta takardar da bakinsa. Da ya kai na bakwai, mai shayi ne ya fara dariya, yana cewa ashe asirin ƙarƙashin gado yake. Wasu suka taya shi. Tela bai yi dariya ba. Ya miƙe ya ce, "Shekara takwas ina ɗinki rana na dukan ƙeyata, Mai Famfo." Ya kaɗe rigarsa ya fita. Kawu ya ce, "Yana da gaskiya." Aka yi tafi, amma ba irin wanda aka shirya yi ba.

Washegari da safe na same shi ya fitar da gadon da akwatin Kaka. Dogo ya turo leburori biyu, suna tsaye suna jira, maƙwabta sun yi cirko-cirko a titi. Kawu ya ce shi zai fara. Ya ɗauki guduma ya tsaya gaban tagar, ya ɗaga, ya sauke. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Sai ya juyo ya miƙo min ita.

"Hannuna ya ƙi," in ji shi. "Ke kika ce bakwai ne. Kakarki ce ke ma, fara."

Na karɓa. Shi kuma ya juya wa ɗakin baya, ya tsaya yana kallon titi har na buga ta farko.