Goron gidan suna ne ya kusa raba ni da aska

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Shekara sittin da ɗoriya ina ɓoye maganar nan, ko iyalina ban faɗa musu ba, don abin kunya ne a ce hannun wanzami ya taɓa rawa. Yau na ga jikokina suna ɗaɗɗakar lemon gwangwanin nan mai hana barci saboda jarrabawa, na kasa zama na kasa tsaye. To bari in fasa ƙwai.

'Yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, ina saurayi a Yakasai, Baba ya miƙo min zabirarsa ya ce gidajen suna sun dawo hannuna.

Ku da ba ku sani ba, duk gidan da wanzami ya yi askin suna sai an ba shi goro. Kuma a gabansu ake son ka fasa ka kai baki, in ka ƙi sai a ce ka raina. Wata safiyar gida huɗu nake shiga ban karya ba. Da hantsi in biya wurin wani abokina Buzu in sha shayinsu mai kaurin nan, kofi uku.

Da fari daɗi na ji. Kaina ya buɗe, hannuna ya yi sauri, ina ganin babu kamata a cikin badala.

Sai barci ya ƙaurace min. Ƙirjina ya dinga dukan tara-tara ina zaune lafiya lau. Abu kaɗan in hau faɗa. Tunani goma a lokaci ɗaya, babu wanda nake kai wa ƙarshe. Na taɓa zuwa gida ɗaya sau biyu, na mance waɗanda suke jirana tun asuba.

Ranar da abin ya fito fili a unguwar Zaitawa ne. Kakar jariri ta riƙe min kansa, ɗan kwana bakwai, na kawo aska kusa da maɗigarsa. Sai na ga bakin askar yana karkarwa. Na danne numfashi, ya ƙi tsayawa. Tsohuwar ta janye yaron zuwa ƙirjinta, ta ce a hankali, "Ɗan nan, ajiye. Je ka turo min babanka."

Wallahi da mari ta yi min da ya fi sauƙi.

A gida aka ce sammu ne, wasu suka ce iska. Na sha rubutu, na sha turare. Masu dubiya kuwa kowa da goronsa, don ba a zuwa hannu rabbana. Innata ta ce yana kwantar da tashin zuciya, ta tara min a ƙwarya kusa da tabarmata. Ina ci ina ƙara lalacewa.

Da na yanke jiki na faɗi a zaure, Baba ya kai ni asibiti. Aka ɗaure min dantse da wani abu ana hurawa, aka saurari ƙirjina, aka ɗebi jini da fitsari. Kuɗin kati bai taka kara ya karya ba, tsoro ne ya ci ni. Ina kwance ina kallon yatsuna, ina cewa shi ke nan, sana'ar kakanni a kaina za ta mutu.

Likita Bature ya ce bai ga ciwon zuciya ba. Malamin asibitin da ke masa tafinta ne ya ce in buɗe baki. Ya dubi jan haƙorana.

"Malam, goro nawa kake ci a yini?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba, Malam. Iya gidan da na shiga."

Na ƙara masa da zancen shayin, ya gaya wa likita, suka ce in rage a hankali, da goron da shayin. Abin da ke cikinsu shi 'yan boko ke kira kafeyin yanzu.

Ni da taurin kai sai na yanke gaba ɗaya tun ina kwance a asibitin. Kwana biyu kaina kamar ana sara da gatari, ga kasala, ga hamma. Inna ta zo da kunu, ta zaro ɓarin goro daga bakin zaninta ta cusa min. Kafin azahar ciwon kan ya tafi.

"Ka gani ko? Su ce ba magani ba ne."

Malamin nan ya zauna ya yi mata bayani, cewa jikin ne ya saba yake nema. Ba ta yarda ba, amma ta bari. Muka koma ɓari ɗaya da safe bayan na karya, har na bar shi.

Sati uku kafin in yi barcin kirki. Wata biyu ban taɓa aska ba, ina kai-kawo tsakanin zaure da ƙofar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Shawarata gare ku: kar ku sha abubuwan nan da cikin wofi, kar ku sha bayan la'asar. In ƙirji ya fara bugu ko hannu na rawa, ku je asibiti, ku faɗi gaskiyar abin da kuke ci da sha. In za ku bari, a hankali. In an ba ku goro ku karɓa da hannu biyu ku sa a aljihu, babu wanda ya taɓa mutuwa don haka. Kuma in kun je dubiya, ku tambayi abin da aka hana mara lafiya.

Na gode wa Allah, na gode wa malamin nan da ko sunansa ban riƙe ba. Amma babbar godiyata ga Baba take, Allah ya jiƙansa. Wata Juma'a da safe ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gani. Ya wasa aska da kansa ya miƙo min, ya cire hula.

"Fara da gemu, ka gangara maƙogwaro."

Na ce, "Baba, in ya yi rawa fa?"

"To wuyana ne, ba na ɗan wani ba."

Ya ɗaga haɓa ya rufe ido. Har na gama bai buɗe ba.