Kifayen Rediyo

A layinmu ba mai tuna sunansa na yanka. Baba Birki ake ce masa, don ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyarin bas, kuma ko gardama ce ta kaure a bakin shago, maganarsa ɗaya ce: "A taka birki, jama'a." Matarsa kuwa shi ya laƙaba mata Rediyo. Bakinta ba ya hutawa. Tana wanki tana ba da labari, tana girki tana yi wa tukunya faɗa. In ya dawo da yamma sai ya ce, "Rediyo, a rage murya, batir ya huta."

"Ranar da na yi shiru, Malam, kai za ka fara kuka," in ji ta.

Wata safiya ta faɗi a bakin murhu. Da aka sallamo ta daga asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta tafi ba sallama. Gidan ya yi tsit, har ƙarar agogon bango ta zama baƙuwa.

Autarsu, kafin ta koma ɗakin mijinta, ta sayo akwatin gilashi mai kifayen ado, jajaye da masu ruwan zinariya, ta ajiye a teburi daura da gado. Idanun Rediyo suka samu wurin zuwa. Baba Birki ya lura cewa in ya tsoma yatsunsa a ruwa da ɗan abinci, kifayen suka taru suna tsattsagarsa, gefen bakinta na hagu yakan ɗaga. Rabin murmushi ne, amma da shi yake karya kumallo. Kullum sai ya goge mata jiki, ya mulke mata hannu da ƙafa da man zafi, sannan ya juya ga kifi.

Sai kifayen suka fara mutuwa. Su taso sama suna haki, washegari a tarar da ɗaya ya juya ciki. Yakan tsame gawar a ɓoye, amma Rediyo ba ta makance ba. Ta dubi gilashin, ta juya fuska ga bango.

Ya bi akwatin kamar yadda yake bin inji. Ya wanke soson tace ruwa, ya rage abinci, ya riƙa barin ruwan famfo ya kwana a bokiti kafin ya zuba. Ya zuƙo ruwan ƙasan akwatin da tiyo a kwalba, ya kai wa matar da ke sayar da kifin ado a kasuwa. Ta ɗiga magungunan gwaji, ta ɗaga kwalbar a haske.

"Baba, ruwan nan ya fi wanda nake sha lafiya."

Ya sayi sababbi, su ma suka bi 'yan'uwansu. Da ya rage saura biyu, ya koma shagon mai kifi, ya tsaya cikin ƙarar kumfar akwatunan ruwa ya kasa zama.

"'Yata, in waɗannan suka tafi, ba ni da sauran abin da zan nuna mata."

Mai kifi ta rufe shago ta biyo shi. Ta gai da maras lafiya, "Sannu, Inna," sannan ta durƙusa ta dubi saman ruwan ta wajen hasken taga. Wani siririn maiƙo ne kwance, mai launin bakan gizo. Ta kai hanci ta shinshina.

"Baba, a cikin kifayen nan wa ke ciwon gwiwa?"

Bai gane ba, sai da ta ce ya miƙo hannu. Ƙamshin man zafi ya kama har ƙarƙashin farcensa.

"Ai ina wankewa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Man nan ba ya jin wanki, sabulun ma guba ne a wurinsu. Maiƙon ya toshe musu iska, zafin kuma yana ƙona musu wurin numfashi."

Ya zauna a bakin gado, yana juya tafukansa kamar na aro. Ita kuwa ta shimfiɗa takarda a saman ruwan ta kwashe maiƙon, ta canza wani ɓangare na ruwan.

"Hannunka ya yi ritaya daga ruwan nan, kamar yadda ya bar sitiyari," in ji ta.

"To wa zai kira mata su?"

Da gari ya waye, kafin ya taɓa kwalbar mai, ya jawo teburin zuwa hagun gado. Ya ɗauraye hannun Rediyo mai lafiya da ruwa zalla, ya sa mata abinci tsakanin yatsu, ya tallabe gwiwar hannun har yatsun suka nutse. Kifayen biyu suka yi ta kewaya. Can ƙaramin ya matso ya tsattsage ta.

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, mai kaushi, kamar ana laluben tasha. Ba magana ba ce, dariya ma bai gama zama ba. Baba Birki ya kawo kunnensa dab da bakinta.

"Ƙara murya, Rediyo. Don Allah ƙara murya."

Ba ta ƙara ba ran nan. Amma kifayen suna nan da ransu, kuma in ka wuce ta tagarsu da safe za ka gan shi sunkuye, hannunta cikin ruwa, kunnensa a bakinta, yana jira.