Lakar da Latifatu Ta Tono

A kan laka muka yi faɗa da Latifatu 'yar Wahab. Wata Asabar ta tara samarin layinmu a Maamobi, nan Accra, suka yashe kwata, suka jibge abin da suka tono daf da teburin da nake sayar da koko da ƙosai. Ranar Litinin sai ga tankas, mai duba tsaftar gari, da takarda: kwana bakwai, ko tulin ya tashi ko teburina ya tashi.

Na ce mata, "Ke 'yar nan, shekara talatin kwatar nan tana warinta a ɗakinta. Ba ta taɓa fitowa ta zauna kusa da ni ba sai da kika yi boko."

Ta ce, "Kaka, za a kwashe."

"Wa zai kwashe?"

Amsar da ta shekara uku tana nema a jami'ar Legon ke nan.

Ubanta kayan mota yake sayarwa a Abossey Okai. Tana da shekara tara ruwa ya shiga ɗakinsu har gwiwa, ya jiƙa katifa, ya cinye littattafanta. Tun daga ranar, in hadari ya haɗu kowa sama yake kallo, ita kwata take leƙawa. Da ta samu jami'a sai ta ɗauki karatun yadda ake tafiyar da muhalli: me ke wuyan gwamnati, me ke wuyan kamfani, me ke wuyanmu masu zubarwa. Uwarta likita ta so, Allah ya ba ta mai leƙen kwata.

Talata Latifatu ta tafi ofishin asambile, wato ƙaramar hukumarmu. Aka karɓe ta da fara'a, aka yaba wa samarin, aka ce kwasar shara an ba kamfani kwangila. Laraba ta je kamfanin. Manajan, wani Idrisu, ya ce su bolar gida suke ɗauka, lakar kwata ta gwamnati ce, har ya ba ta kwafin kwangilar don ta daina musu. Alhamis ta roƙi masu aboboya, baburan nan masu bodi da ke kwasar bola, suka ce laka karya musu ƙarfe take yi. Kowa ta je wurinsa gaskiyarsa gare shi, tulin kuma yana nan yana tara ƙuda. Masu sayen kokona sun fara tsayawa daga nesa suna miƙo kwano.

Da la'asar ta zo ta zauna a bencina, takalmi duk ƙura. Kokon nan ta sha ta girma, ta kuma san ba ni da wani abin yi bayansa. Ta buɗe kwafin kwangilar tana karantawa a fili, don dai kada mu haɗa ido. Ta zo inda aka ce kamfani zai ɗauki duk abin da gida ya ɗaure a buhu ya ajiye a ƙofa.

Na ce, "Maimaita."

Ta maimaita.

"Sun faɗi abin da ke cikin buhun?"

Ta duba gaba, ta duba baya. "Ba su faɗa ba, Kaka."

"To me kike zaune yi?"

Ta bi masu sayar da shinkafa har Kotobabi ta tattaro tsofaffin buhuna sittin. Wannan karon ba ta kira samari ba, ita ta riƙe shebur. Rabi-rabi ta cika su don su ɗauku, ta raba wa ƙofofin layin, kowane gida biyu ko uku. Asabar da safe motar kamfani ta zo. Direban, Mutawakil, ya ɗaga na farko ya dire.

"Hajiya, gawa kuka sa a ciki?"

Na ce, "Kwance ka gani, ko ka san mai ita."

Latifatu ta miƙa masa takardar kamfaninsa, yatsanta a kan layin. Ya kira Idrisu a waya, ya saurara, ya yi tsaki, suka loda. Litinin tankas ya zo ya tarar da wuri a share, ya sha koko ya tafi.

Ita ba ta yi murna ba. Ta ce wannan ba magani ba ne, kamfani zai gyara sharaɗin nan a kwangila ta gaba, an kuwa gyara. A kan tulin ta rubuta littafinta na gama jami'a, shafi tamanin, wai har da sunana a ciki. Yanzu tana aiki a wata asambile a arewa.

Ranar da za ta tafi ta zo sallama, ta durƙusa ta ce in yi mata addu'a. Na yi. Sannan na ce, "Kafin ki sake cewa a tono, ki ga motar da idonki, da direba a ciki. In babu, ki jibge a ƙofar ofishinku, ba gaban mai koko ba."