Shatin Yatsa a Gilashi

Ranar da talabijin ta shigo gidanmu a Toranke, ranar kasuwar Ajingi ce, bayan an gama cirar gyaɗa. Akwai Baba a kan buzunsa, da ƙaninsa Baffa Sale direba, wanda ya sayo ta a Kano, da Inna da Gwaggo Hanne a bakin ƙofa, sai ni, ina shekara tara, hannuna sharkaf da mai don tun safe muke matsar ƙuli-ƙuli. Da aka yage kwalin na kasa haƙuri, na ɗora yatsa ɗaya a gilashin. Shatinsa ya fito raɗau, kowa ya gani.

Baffa ya ɗaure eriya a kan gora, ya ciro batirin motarsa, ya maƙala wayoyi biyu, ya murɗa. Shiru. Ya bubbuga ta, ya hura mata iska kamar mai hura murhu, ya sa aka yi ta juya gorar gabas da yamma, gilashin nan baƙi ƙirin. Da gumi ya ishe shi sai idonsa ya faɗa kan shatin yatsana, ya ce ai mai ne ya shige ciki ya kashe ta. Gwaggo ba ta tambayi kowa ba ta karyo tsumagiya. Ni kuwa tun ina yarinya ba na kallon abu rabi da rabi. Na ga kan batirin ya yi wani farin gari kamar kanwa, wayar a kan ƙazantar nan take, ba ta taɓa ƙarfen ba. Na raɗa wa Inna, ta murɗe mini kunne, ta ce in rufe baki gaban manya. Kwana uku ina zuwa rijiya yara suna bina da "mai kashe talabijin". A na huɗu aka ɗauko mai gyaran rediyo daga Gaya, ya kankare kan batirin da wuƙa, hoto ya fito. Aka yi ta shewa. Har Baffa ya koma ga Mahaliccinsa bai ce mini sannu ba.

Abin da ya tono mini wannan takaici, makon jiya jikana Mustafa ya sayo kayan kwamfuta guntu-guntu, ya zauna a falo nan Gaya yana haɗawa, yana bin wani mutum mai nuna yadda ake yi a wayarsa. Ni ina gefe ina gyaran zogale, ina kallon su duka biyun. Ya kunna, fanka na juyawa, fitila na ci, gilashi baƙi. Ya zare wannan ya mayar, ya yi tsaki, ya sake zarewa. Can ya hango shatin ɗan yatsa mai danƙon alewa a gefen gilashin, ya juya ya ɗauke ƙanwarsa Ummi da mari, yarinyar da ko shekara shida ba ta cika ba. Na ajiye zogalen. Na ce masa mutumin cikin wayar a kafar ƙasa ta bayan kwamfutar ya soka wayar gilashin, shi kuwa a ta sama ya soka. Ya yi dariya.

"Kaka, wannan fa ba tukunyar miya ba ce."

Baffa dai ko ba komai bai taɓa zama a aji ba. Wannan kuwa shekara nawa yana jan takalmi zuwa makaranta, amma hannunsa ya riga idonsa. Na ɗauka an bar wannan hali a Toranke.

Washegari da ya fita masallacin asuba na shiga falon, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ciwo, na zare wayar na soka ta a kafar ƙasa. Na taso Ummi na ce ta danna makunnin. Gilashin ya yi haske, rubutu ya fito wanda ban san me ya ce ba. Na jawo kujera na zauna a bakin ƙofa, yarinyar a cinyata, ina jiran ya dawo ya ba ta haƙuri a gabana.