Ɗalibar da Ta Gane Ciwon Babanta

Lokacin da nake koyarwa a makarantar koyon aikin jinya, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hadda. Ki tambayi ɗalibai alamomin ciwon hanta, su zubo miki tiryan-tiryan, amma ki tsayar da su gaban gadon mara lafiya sai su yi zuru. Don haka na daina ba su amsa. In mun shiga ɗakin marasa lafiya sai in ce, "Kada kowa ya taɓa fayil. Me kuka gani? Me ya sa kuka ce haka? In ba shi ba ne, mene ne?"

Akwai wata yarinya 'yar Ƙofar Durbi, mai sanyin magana, da ta riga kowa kama hanyar. Sai ta dubi farcen mutum da yadda yake jan numfashi kafin ta buɗe baki. Ina alfahari da ita ƙwarai.

Wata rana bayan an tashi ta same ni a ofis. Muka gaisa, ta daɗe tana murza bakin hijabinta.

"Malama, in idon mutum ya yi rawaya, cikinsa ya taso, hannuwansa kuma suna ramewa, ya fara rikicewa a magana fa?"

"Ke me kika gani?" na ce, yadda na saba.

"Babana ne."

Hatsi yake sayarwa a Babbar Kasuwa. A gida an ce ciwon shawara ne, ana ta ba shi jiƙo. Ita kuwa da take zuba masa ruwan alwala ta danna ƙaurinsa da yatsa, gurbin ya ƙi cikowa.

Washegari muka kai shi asibiti. Da sakamakon gwaji ya fito, likita ya ja mu gefe ya ce hantar ta riga ta lalace. Ba ta yi masa tambaya ko ɗaya ba.

Abin da ya biyo baya shi ne mai wuyar. Duk ranar da tsohon ya kurɓi kunu, gida ya cika da hamdala, uwarta ta ce, "Kin gani ko? Sauƙi ya fara samuwa." Ita kuma ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Inna," sannan ta shige ɗaki. Ita kaɗai ta san abin da ke tafe bayan kowace alama, kuma haka alamomin suka riƙa zuwa bi da bi. Ta taɓa ce mini, "Malama, so nake in dube shi in ga Baba kawai, na kasa."

Na riƙe hannunta.

Ya rasu kafin damina ta ƙare. Bayan sadakar bakwai ta dawo aji, ta koma zama a layin baya. Ta ci jarrabawarta, yanzu tana aiki a ɗakin yara na asibiti. Mukan haɗu jefi-jefi wajen biki ko ta'aziyya, mu gaisa, in tambayi Inna.