Tirela a Kwanar Makabarta

Ina farawa da sunan Allah, Mamallakin ƙasa da masu tafiya a kanta da waɗanda ke kwance a cikinta.

Garinmu ba tsohon gari ba ne. Lokacin da aka datse ruwa a Tiga, ƙauyenmu na asali yana cikin waɗanda ruwan ya cinye, aka yanka mana wuri a nan ƙasar Bebeji muka sake kafa zama. Ina saurayi a lokacin, ban daɗe da sauke Alƙur'ani ba. Mun kwashe duk abin da ke kwasuwa, azara da ƙyamare da turame, har duwatsun niƙa. Makabarta kaɗai muka bari. Kabarin mahaifina yana can ƙarƙashin ruwa, kuma har yau wasu daga cikin masuntanmu sukan rage hira idan kwale-kwale ya kai su saitin wurin.

Mahaifiyata ba ta jima ba bayan tashin. A daminarmu ta farko a nan Allah ya karɓi abarsa, tana cikin mutanen farko da muka binne a sabon wuri. Da yake ba a san inda gari zai faɗaɗa ba, dattawa suka nuna wani fili daura da gidanmu, aka fara daga bakinsa. Daga baya hanyar da ke zuwa kanal, wato magudanar ruwan noman rani, ta ratsa tsakanin gidana da filin, ta yi kwana daidai nan. Zaurena yana hannun dama, makabarta tana hagu, a cikin kwanar. Ba mu kewaye ta ba, domin kowa a garin ya san ta. Kaburburanmu kuwa ba a gina su, tudun ƙasa ne da ƙaya a kai da guntayen tukunya. Ruwan sama ya yi ta zuwa shekara da shekaru, tuddan farko suka kwanta, makabartar ta yi ta matsawa ciki. Baƙo idan ya dubi bakin hanyar ba zai ga komai ba sai fili da ciyawa.

A 'yan shekarun nan kanal ɗin da ke shayar da gonakinmu na rani ya cika da laka, har ruwa ya daina kai wa na ƙarshe. Mai unguwarmu, wanda taubashina ne kuma tare muka tashi, ya yi ta kai kuka har aka amsa. Bayan an gama girbin dawa sai labari ya zo cewa za a kawo katafila mai haƙa ta yashe shi. Garin ya yi murna, ni ma na yi, domin 'ya'yana suna da gona a can ƙarshen.

Ranar da ta zo, da hantsi ina zaure ina biya wa wasu manyan ɗalibai karatu, muka ji ƙasa tana ɗan motsi. Muka fito. Wata ƙaramar mota ce a gaba da jan ƙyalle da fitila mai walƙiya, bayanta tirela, doguwa, gadonta ƙasa-ƙasa, tayoyi a jere kamar ba za su ƙare ba. Katafilar tana bisa an ɗaure ta da sarƙoƙi, ƙafafunta sun zarce faɗin gadon ta kowane gefe. Tafiya take kamar ta jana'iza. Da ta iso kwanar sai ta tsaya, wani jami'in hanya ya fito daga ƙaramar motar da igiyar awo, ya taka cikin filin hagu yana yi wa direba nuni da hannu ya biyo ta nan.

Ban san sanda na tsallaka hanya ba takalmi ba. Na yi masa sallama, na ce, "Ɗana, a kan mutane kake tsaye."

Ya dubi ƙasa, ya dube ni. Da ya fahimta sai ya ja da baya da sauri har ya koma kan hanya, yana istigfari. Matashi ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Mai unguwa ya iso, mutane suka taru, jami'in ya zaro wata takardar izini ya yi mana bayaninta da Hausa, ni da bokona bai wuce sannu-sannu ba. Ya ce kaya irin wannan, da ya wuce ƙima a faɗi da nauyi, ba ya hawa titi sai da izini, kuma izinin yana ambaton hanyoyin da za a bi ɗaya bayan ɗaya. An ɗora motar a sikeli kafin ta baro Kano. Ba ta tafiya sai da rana, sai da motar rakiya a gaba, faɗuwar rana kuma duk inda take nan za ta kwana. Kafin a rubuta takardar an aiko wani ya duba hanya, ya zo a mota ya wuce, ya rubuta cewa akwai fili a hagun kwanar wanda tayoyin baya za su iya takawa.

Mai unguwa ya tambaye shi hanyar bayan gari, wadda masu kai tumatir Tudun Wada suke bi. Jami'in ya ce an duba ta an soke, saboda ƙaramar gadar da ke kanta ba za ta ɗauki nauyin ba, in ta karye kuma an raba ƙauyuka da kasuwa, wataƙila har da rai. Ya ce ba shi da ikon canja hanya. Kwanakin izinin kuma sun kusa cika. In suka juya sai an sake nema daga farko, katafilar kuma ana jiran ta a wajen Kiru, ba lalle ta dawo kafin lokacin shuka ya wuce ba.

Daga nan magana ta rabu. Samari masu gonaki a ƙarshen kanal suka ce a zuba jan ƙasa mai kauri, a shimfiɗa katako, mota ta wuce sau ɗaya. Wani ya ce a tono waɗanda ke bakin hanyar a mayar da su ciki. Duk wanda ya yi magana sai ya juyo ya dube ni, domin ni ake tambaya a garin idan abu ya shafi shari'a. Na san abin da littattafai suka ce. Malamai sun hana taka kabari, amma sun yi sassauci a ɗauke mamaci idan lalura ta kama, da sharaɗin ba za a keta alfarmarsa ba. Da wani ne ya zo mini da tambayar daga wani gari, da na ba shi amsa ban tashi daga kan buzuna ba. Amma kabarin da ya fi kusa da hanya na mahaifiyata ne, kusa da ita kuma akwai iyayen mutanen da ke tsaye a wurin. Mun riga mun bar wasu a ruwa ba da son ranmu ba.

Direban duk wannan lokaci yana tsugune a inuwar motarsa. Dattijo ne da furfura a gemu, daga maganarsa mutumin wajen Doguwa ne. Ya taso ya zo gabana ya rusuna.

"Allah gafarta Malam, ko kun yarda, ni ba zan ɗora taya a kan Musulmi ba. Ni ma can za a kai ni. Amma da baya ba zan iya komawa titi da wannan kayan ba, sai dai ta kwanta a rami."

Na tambaye shi ko akwai wata dabara. Ya ɗauki tsinke ya zana mini a ƙasa. Ya ce doguwar mota kanta daban, gindinta daban. Duk inda kai ya bi a kwana, tayoyin baya sai sun yanke ta ciki. In ana so su kauce wa hagu, dole kan ya buɗe sosai ta dama kafin ya karya. Ya ja layi ya nuna inda kan zai bi, sai ya jefar da tsinken. Bai ɗaga ido ya dubi zaurena ba, amma layin nan ta tsakiyarsa ya bi.

Zauren nan da hannuna na gina shi a ranin farko, ni da ƙannena muna kwaɓa ƙasa, mahaifiyata tana ɗebo mana ruwa a tulu daga rafi. A cikinsa na karantar tun ina da baƙin gemu, a cikinsa aka ɗaura auren 'ya'yana, a cikinsa nake karɓar gaisuwa da ta'aziyya. Na tsaya ina duban sa, aka yi kiran azahar. Na ce a yi salla tukuna.

Bayan an sallame na shiga cikin gida na gaya wa mai ɗakina abin da nake niyya. Na yi zaton za ta tuna mini cewa in zaure ya tafi tsakar gida ya tonu, duk mai wucewa zai ga mata. Ta daɗe tana sauraro tana tsince shinkafa, sannan ta ce, "To Malam, a fitar da littattafan tukuna, kafin samarin nan su hau da diga. Zana kuma akwai a bayan rumbu."

Da na faɗa wa jama'a, mai unguwa ya kama hannuna ya ja ni gefe. Ya ce in yi tunani, kada gobe in ce shi ya sa ni. Da ya ga na riga na yanke, sai ya saki hannun.

"Kai da ko buzunka aka matsar sai ka yi kwana uku kana mita, yau zaure sukutum?"

Na ce masa ya je ya samo diga, in yana da ƙarfin ɗaga ta. Muka yi 'yar dariya, ba mai yawa ba.

Jami'in bai yarda nan take ba. Ya kira na gaba da shi a waya, suka daɗe suna magana. Ya dawo ya ce an amince, tunda hanyar ita ce dai wadda ke cikin izini, amma da sharuɗɗa. Sai na faɗi yardata da bakina a gaban mai unguwa da shaidu, sai an kwashe ƙasar ginin duka, sai an cike wurin an daddaɓe shi yadda ba zai lotsa da nauyi ba, kuma in rana ta faɗi ba a gama ba motar a nan za ta kwana. Na faɗi yardata a gaban kowa.

Ɗalibaina suka kwashe littattafai da alluna da tawada. Samarin da ɗazu suke cewa a shimfiɗa katako, su ne suka fara hawa rufin. Suka kankare ƙasar sama, suka zare azara ɗaya-ɗaya suna miƙowa, baƙi ƙirin da hayaƙin fitila na shekaru. Da aka sa wa bangon diga ban tsaya kallo ba, na koma ciki na taya ɗaure zana. Ina jin faɗuwarsa daga can, kashi-kashi, ba gaba ɗaya ba. Tubalin ya yi ƙarfi fiye da yadda kowa ya zata, har wani yana cewa ginin da ba irin na yanzu ba ne. Mata suka yi ta miƙo ruwa ta saman zana ana yayyafawa, maza suna daɓe. Direban da kansa ya tuɓe riga ya karɓi shebur.

Bayan la'asar, rana ta yi sanyi, jami'in ya taka wurin ya ce ya yi. Mu dattawa da muka san inda kowane kabari yake muka jeru a bakin makabartar, don direba ya gan mu a madubi ya san iyaka. Jami'in ya zo ya roƙe mu mu matsa. Ya ce doka ba ta yarda mutum ya tsaya kusa da kaya irin wannan yana tafiya ba, in sarƙa ta tsinke ba wanda zai tsira. Na so in yi gardama, sai na ga gaskiyarsa. Aka kawo karan dawa, kowannenmu ya kafa ɗaya a inda yake tsaye, muka koma nesa.

Motar ta tashi. Kanta ya hau inda nake shimfiɗa buzuna, ya wuce har ya kusa taɓa zanar, sannan ya karya hagu. Gadon ya biyo a hankali, tayoyin baya suna matsowa wajen karan, suna matsowa. Ana ta salati ƙasa-ƙasa. Ƙafar katafilar da ta zarce ta bi ta saman karan da na kafa a bakin kabarin mahaifiyata, ta ɗan lanƙwasa shi ya dawo. Tayar ƙarshe ta wuce ta bar tazarar da ba ta fi tafin hannu ba. Na je na duba da idona. Sawun yana kan hanya, ƙasar kabarin ba abin da ya taɓa ta.

Kafin su wuce jami'in ya dawo da ƙafa ya ce mini kada in sake gini sai katafilar ta gama aiki, domin ta nan za ta koma, da sabon izini. Ya ce zai rubuta a ofis cewa hagun kwanar makabarta ce. Direban bai sauko ba, rana na gab da faɗuwa, hannu kawai ya ɗago mini ta taga.

Haka na yi ta karantarwa a rumfar kara har suka dawo suka wuce lafiya, ruwa kuma ya kai gonakin ƙarshe a ranin nan. Tsohon tubalin zauren da aka tara gefe, shi muka jiƙa muka sake kwaɓawa, muka ja 'yar katanga iya gwiwa a bakin makabartar. Sabon zauren na ja shi ciki, na bar wa hanya wurin da ta ci. Ya fi na da ƙanƙanta, idan ɗalibai suka cika gwiwa tana taɓa gwiwa, na baya kuma a waje suke zama. Mai unguwa duk sanda ya shigo sai ya ce na gina akurki. Allah ya jiƙan waɗanda ke kwance a wurin nan, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.